Hausar da Ta Koya Mini Turanci

Duk wanda ya kai aji shida a sakandare ya san Turanci da Lissafi su ne masu gadin ƙofar jami'a. Ko ka ci sauran darussa yadda ka ga dama a WAEC ko NECO, in babu kiredit a Turanci, sai ka ƙara shekara a gida kana kallon abokanka suna ɗaure akwati. A ajinmu akwai yarinyar da ta fi kowa iya Kimiyya, amma sai da ta sake zama jarrabawa saboda wannan darasi ɗaya. Ba ƙarancin kalmomi ne ya kayar da ita ba. Aikatau ne, wato verb, da yadda yake sauya kama.

A makarantarmu tara ake cin duk wanda aka kama yana Hausa a aji. Har yau ina ganin dokar ta cuce mu, domin abin da ya buɗe mini kan Turanci shi ne darasin nahawun Hausa da yawancinmu suka raina. Da na fara ajiye jimlar Hausa kusa da ta Turanci ina kallonsu tare, sai jadawalin nan na tenses goma sha biyu ya daina ba ni tsoro.

Ku duba: na tafi, zan tafi, nakan tafi. Kalmar "tafi" tana nan yadda take, ɗan abin da ke gabanta ne yake gaya mana lokaci. Shi kuwa Bature, a jikin aikatau ɗin yake yin alama: walk, walks, walked. Kunnen Bahaushe ya saba sauraron gaban aikatau, ba wutsiyarsa ba. Shi ya sa muke yawan yar da -ed da -s a rubutu ba tare da mun ji an rasa komai ba. In kun gama rubuta insha'i, ku koma ku bi wutsiyar kowane aikatau ɗaya bayan ɗaya. Maki da yawa a nan suke zubewa.

Wurin da ya fi santsi shi ne "na gan shi". Jimla ɗaya ce a wurinmu, amma biyu ce a Turanci: I saw him da I have seen him. Ta farko tana zaune a lokacin da ya wuce ya rufe ƙofa. Ta biyu kuwa ƙafarta ɗaya tana yanzu, wato na riga na gan shi, ba sai na je nemansa ba. Don haka da zarar ka ambaci jiya, bara ko 2019, have ba ta da wurin zama. I have seen him yesterday kuskure ne, ko da wa ka ji ya faɗa. Haka kuma "ina zaune a Kano tun 2015" ba I am living ba ce, I have lived in Kano since 2015 ce, domin abin ya faro daga baya ya iso yau. Wannan "ina" tamu tana yaudara sosai. Ita ce take haifar da I am having a pen, alhali "ina da biro" I have a pen ce kawai.

Participle kuwa, sunan ne kawai mai ban tsoro. Muna da shi a Hausa, kullum muna cin sa. Daga soya muka sami soyayye, daga gasa gasasshe, daga karya karyayye, daga rubuta rubutacce. Soyayyen ƙwai shi ne fried egg, karyayyen benci broken bench, rubutacciyar wasiƙa written letter. Wannan siffa ta uku da malami yake sa mu rerawa, break, broke, broken, ita ce "karyayye" ɗinsu: abin da aiki ya riga ya faɗa wa. Mai -ing kuma shi ne yake jawo abin. Darasi zai iya zama boring, ɗalibi ya zama bored. In ka ce I am boring, ka shaida wa duniya cewa kai ne mai gundurar mutane.

Sai passive voice, wanda na fi so a cikinsu duka. Kowane yaron da ya taɓa fasa kofi a gida ya iya shi tun kafin ya shiga firamare. Ba ya cewa "na fasa kofi", sai ya ce "Mama, an fasa kofi". Aiki ya fito fili, mai aikin ya ɓuya. Abin da Bature yake yi ke nan da the cup was broken: ya ɗauko karɓau ya sa a gaba, ya kawo wata siffa ta be, ya biyo da siffa ta uku. "An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962" ta zama Ahmadu Bello University was founded in 1962. "Ana gyara hanyar" ta zama the road is being repaired. "Za a biya kuɗin" ta zama the money will be paid. Kuma tunda babu wanda ya haifi kansa, "an haife ni" I was born ce. Masu Kimiyya za su haɗu da shi a rahoton gwaji, inda ake son a ji abin da aka zuba da abin da aka auna, ba wanda ya riƙe kwalbar ba.

Amma akwai rami a nan. "An" tamu ba ta zaɓe. Muna cewa an zo, an tafi, an mutu. Passive na Turanci kuwa sai da aikatau so-karɓau, wanda aikinsa yake faɗa wa wani abu. Happen, die da arrive ba su da karɓau, saboda haka babu it was happened, babu he was died. Kafin ka juya jimla, tambayi kanka: me aka yi wa aikin? In babu amsa, bar ta yadda take.

Abu ɗaya ne Hausa ba ta iya taimaka mini da shi ba, wato aikatau masu taurin kai da ba sa karɓar -ed. Babu dalilin da zai gaya maka go za ta koma went, ko teach ta koma taught. Wajen 200 ne, kuma hadda suke so irin ta makarantar allo. Ni biyar-biyar na riƙa ɗauka kullum bayan asuba, ina sa kowanne a jimla uku: ɗaya da jiya, ɗaya da have, ɗaya da "an". Cikin kwana 40 na kai ƙarshen jerin da ke bayan ƙamus, sannan na koma farko.