Tambayar da Ba Ta Cikin Littafi

Asabar

Saƙon ya shigo bayan la'asar: intabiyu ranar Alhamis, ƙarfe tara na safe. Asibiti ne mai zaman kansa a nan Kano, suna neman likitan gashin ƙashi. Na tattara takardu a jaka ɗaya, digirin BUK, shaidar horon shekara ɗaya, ta bautar ƙasa, da lasisin hukumar MRTB. Umma ta ce in yi sadaka.

Lahadi

Yaya ta zo. Nas ce, ta sha zama gaban masu intabiyu, don haka ta ɗora gilashi a karan hanci ta ce ita ce shugabar kwamiti. Tambayoyin ciwon baya da na karaya duk na amsa tiryan-tiryan. Sai ta ce, "To malam, me ya sa ka zaɓi wannan aikin?"

Na ce, "Ina son taimakon al'umma."

"Mai garuwa ma al'umma yake taimako. Sake lale."

Na yi shiru har shayinta ya huce.

Litinin

Gaskiyar magana, ban zaɓa ba. Likitanci na cike a JAMB, maki bai kai ba, aka tura ni fisiyo, wato gashin ƙashi. Shekara biyu ina ɓoye sunan kwas ɗin. Wani kawuna da ya ji, cewa ya yi, "Ashe tausa ka je koyo har shekara biyar?" Ban ga laifinsa ba. Sunan da muke kiran aikin ma, gashi, fitilar zafi da ƙunshin ɗumi yake kawo wa mutum a rai, alhali su ne mafi ƙanƙantar abin da muke yi. Shin ana faɗa wa kwamiti cewa turo ka aka yi?

Talata

Daren jiya barci ya ƙi, sai dattijon nan ya faɗo mini. Ina aji huɗu, muna zagayen asibiti, 'ya'yansa suka kawo shi a keken marasa lafiya. Tela ne. Hawan jini ya taɓa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa, ɓarin dama ya shanye, magana ma sai da kyar. An yi wata biyu ana rubutu da shafe-shafe a gida kafin su zo, yatsun duk sun dunƙule.

Ni tafiya na sa a gaba, don ita aka fi koya mana. Da na ce, "Baba, me ka fi so ka iya?" sai ya ɗaga hannun dama da taimakon na hagu ya kai baki. Babban ɗansa ya bayyana mini: tun da ya kwanta bai ƙara yarda ya ci abinci gaban jikokinsa ba, kunyar cin tuwo da hagu yake. Sai an watse yake ci.

Muka koma kan hannu. Buɗe yatsu, ɗaukar murfin kwalba, sannan ƙwayar gyaɗa, sannan cokalin da muka naɗe wa bandeji don mariƙinsa ya yi kauri. Ƙwaƙwalwa tana iya buɗe sabuwar hanya idan tsohuwar ta toshe, amma sai an maimaita motsi ɗaya sau ɗaruruwa, kuma babu injin da zai yi wa mutum wannan. Ya yi fushi da ni ba sau ɗaya ba. A wata na huɗu jikarsa ta zo da tuwon shinkafa a kula. Ya yanka, rabin lomar ta zube a riga, rabi ta shiga. Bai ce komai ba, ya sake miƙa hannu.

Tun ranar ban ƙara tambayar yadda ake canjin kwas ba.

Laraba

Na ba Yaya labarin a matsayin amsa. Ta duba agogo. "Minti huɗu. Mayar da shi ɗaya da rabi. Ka fara da JAMB ɗin, sun gaji da waɗanda aka haifa da son aikin. Kuma za su tambaye ka ko Ingila ko Saudiyya kake hari, kar ka rantse musu." Na maimaita sau uku ina guga da dutsen gawayi, wuta ba ta zo ba.

Alhamis

Mu bakwai ne a kan benci, ni ne na huɗu. Na kusa da ni yana ta motsa baki, na jiyo "taimakon al'umma". An kira na uku.