Kafin littafina ya hau motar Yamai

A daren wata Alhamis, bayan sallar lisha, na rubuta kalmar "tamat" a ƙarshen kaye na tara, irin na ƴan lakkol, na rufe bik, na yi hamdala. Shekara 11 ke nan ina fama da wannan ƙagaggen labari: na fara shi ina ma'aikacin gwamnati a Maraɗi, na gama shi bayan na yi ritaya. A wannan dare na ɗauka aiki ya ƙare, saura in naɗe takardu in aika wa wani gidan ɗab'i a Yamai. Ashe da sauran rina a kaba.

Labarin ya shafi yunwar 1984, wadda muke kira El-Buhari, domin ta zo daidai da lokacin da gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya a watan Afrilu na wannan shekara, ba a sake buɗe su ba sai 1986. Damina ta ƙi, hanyar Jibiya ta toshe, tiyar hatsi ta fi ƙarfin talaka. Gogan labarin wani ɗan kasuwa ne mai sito cike da buhuna, wanda ya ƙi buɗewa yana jiran kuɗi su ƙara hawa. Ban ruɗi kaina ba: mahaifina ne, Allah ya jiƙan sa, na sauya masa suna da unguwa kawai.

Wahala ta farko ita ce ta bugu. Na kai rubutun wurin wani yaro mai buga takardu a kwamfuta kusa da babbar kasuwa. Ya ƙware a Faransanci, amma bai taɓa buga Hausa ba, saboda haka duk haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ya bi ya miƙe su. Baƙi suka koma baki, ƙofa ta koma kofa, ƙarya kuwa ta koma karya. Mako 3 na yi ina zaune kusa da shi, muna bin layi ɗaya bayan ɗaya. Tun da Yamai zan aika, na bi ƙa'idar rubutun Hausa da ƙasarmu ta tsaida a 1999, wadda ke rubuta ƴ a inda maƙwabtanmu ke sa waƙafi a gaban y.

Ta biyu ita ce wace Hausa zan bari a ciki. Na tashi da karatun Abubakar Imam, wanda littafinsa Ruwan Bagaja ya fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933, hannuna kuma ya saba da wannan Hausa. Amma ɗan kasuwar Maraɗi ba ya cewa gero, hatsi yake cewa. Ba ya cewa "me", sai "mi". Yarinyarsa kuma ɗiya ce. Da na sa masa Hausar littafi a baki, sai na ji kamar na ɗinka masa rigar aro. Daga ƙarshe na raba gardama: mai ba da labari ya yi daidaitacciyar Hausa don na Kano da na Damagaram su bi shi ba wuya, mutanen cikin labari kuwa su yi maganar gidansu. Na kuma zubar da babi 2 da nake ji da su, don na lura ba su ƙara wa labarin komai ba sai nauyi.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya biyo baya. Yayata mace, wadda ta girme ni da shekara 6, ba ta yi boko ba. Na ga bai kamata baƙo a Yamai ya san abin da na rubuta a kan gidanmu ita ba ta sani ba. Sai na riƙa zuwa gidanta kowane dare ina karanta mata a tsakar gida. Ta yi dariya a inda na so a yi dariya, ta gyara mini sunan wata unguwa. A dare na bakwai, da na kai inda mai sito ya kori wata tsohuwa da ƙwaryarta, sai ta ɗaga hannu.

Ta ce: "Dakata, Auta. Wanga mutum Baba ne."

Na ce: "Yaya, labari ne."

Ta ce: "Kada ka maishe ni yarinya. Sito ya rufe, gaskiya ne, tsohuwar ma na san ta. Amma kai kana Tawa wurin aiki, sai hutu kake zuwa. Ina kake sa'ad da yake tashe mu da tsakad dare, ni da Inna, mu kai hatsi gidajen da kunya ta hana su roƙo? Ka san kayan da ke cikin siton rabi bashi ne ya ɗauko? Ka rubuta abin da ka gani da rana, ba ka rubuta na dare ba."

Na rasa ta cewa. Shekara da shekaru ina riƙe da mahaifina a zuciya bisa rabin labari, na kuma kusa buga rabin nan in watsa wa duniya, alhali shi yana inda ba ya iya kare kansa.

Wata 4 na yi ina sake gini. Ban wanke shi ba, domin ya rufe sito mutane na jin yunwa, ya kuma ci riba. Wannan yana nan a cikin littafin. Amma na shigar da daren, na shigar da bashin da tsoron karyewa. Abin mamaki, sai labarin ya fi ƙarfi. A da mugu ne kawai, wanda mai karatu zai tsine masa ya wuce. Yanzu mutum ne wanda duk mai kanti da duk mai riƙe da sa hannu a ofis zai duba ya tambayi kansa: da ni ne, yaya zan yi?

Shawarata ga duk wanda ke da kaye a ƙarƙashin katifa ita ce: gyaran haruffa wajibi ne, haka ma lambar shafi, da taƙaitaccen bayanin labarin a shafi guda, da wasiƙa zuwa ga masu ɗab'i, da kwafin da za ka ajiye a gida. Amma kafin duk wannan, ka karanta shi da babbar murya a gaban wanda ya san al'amarin, wanda kuma ba ya jin nauyinka. Kunne yana kama abin da ido ya tsallake.

Jiya na karanta wa Yaya babi na ƙarshe. Ta yi shiru, ta share ido da bakin zane, ta ce: "Aika shi. Dangi za su yi magana, ka bar ni da su." Gobe da asuba, in Allah ya kai mu, ambulan zai hau motar Yamai. Ko su karɓa ko su mayar, wannan nasu ne. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu faɗi gaskiya a kansu cikakkiya. Amin.