Je-Ka-Kwanta: Wani Sunan Gado Daga Fadamun Ingila

Masu iya magana sun ce suna linzami ne, da shi ake jan mutum ya waiwayo. To, amma a ƙasar Ingila akwai linzamin da ba iyaye ne suka ɗaura wa yaro ranar suna ba, maƙwabta ne suka ɗaura wa kakan kakanninsa don tsokana, shekaru ɗari bakwai da suka wuce, ga shi har yau jikoki na tafe da shi a baki. Irin wannan suna nake son mu duba tare da mai karatu, wato Gotobed. Kalmomi uku ne na Ingilishi aka liƙa wuri guda, waɗanda ɗan aji uku na firamare zai iya fassarawa, kuma abin da suke cewa shi ne: je ka kwanta.

Ni dai a littafin ƙagaggen labari na fara cin karo da shi, mai suna The Nine Tailors, wanda Dorothy L. Sayers ta wallafa a 1934. An gina labarin ne a wani ƙauye na fadamun gabashin Ingila, kuma mutumin da ke kula da coci da maƙabartar ƙauyen sunansa Harry Gotobed. Shi ke haƙa kabari, shi ne ma ya tono gawar da duk rikicin labarin ya taso daga gare ta. Bahaushe da ke kiran kabari makwanci, yake kuma cewa wane ya kwanta dama, ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da ya sa wannan suna ya dace da mai wannan sana'a. Kafin Sayers ma, Anthony Trollope ya raɗa wa wani sanatan Amurka suna Elias Gotobed a littafinsa The American Senator na 1877. Sai dai marubutan nan biyu ba su ne suka ƙago sunan ba. A bakin jama'a suka tarar da shi, kuma Sayers, wadda ta tashi a yankin fadamun inda mahaifinta yake limancin coci, ta ajiye shi ne daidai inda yake zaune.

Domin a fahimci yadda jimla sukutum ta zama sunan zuriya, dole mu ɗan koma baya. Kafin Normawa su ƙetaro daga Faransa su ci Ingila da yaƙi a 1066, Bature ɗan Ingila suna ɗaya gare shi, sai fa in an ƙara masa laƙabi, wanda kan mutu tare da shi. Bayan zuwansu sai sunayen yanka suka taƙaita ƙwarai, kusan kowane gida akwai John ko William ko Richard ko Robert. In magatakarda ya zo rubuta masu biyan haraji ko masu bin gona, ya tarar da John biyar a ƙauye guda, ai tilas ya tambaya wane John ɗin. Amsar da mutanen ƙauye suka ba shi ita ya rubuta. Wani aka ce ɗan wane ne, wani aka ambaci garinsu ko tudun da gidansa yake, wani aka kira sana'arsa, kamar Smith, wato maƙeri, wanda har yanzu shi ne sunan da ya fi kowane yawa a ƙasar. Wani kuwa halinsa ko siffarsa aka faɗa. Sannu a hankali ɗa ya riƙa gadon abin da aka rubuta wa ubansa, musamman da yake gadon gona na bin wannan rubutu, ta yadda zuwa wajen 1400 yawancin gidajen kudanci da tsakiyar Ingila sun riga sun sami sunan da ke bin zuriya. Da Thomas Cromwell ya ba da umarni a 1538 cewa kowace coci ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, sai alƙalami ya ƙara ɗaure abin tamau.

Gotobed na cikin rukunin ƙarshe ne, rukunin laƙabi, kuma cikin wani reshe nasa mai daɗin nazari, inda ake ɗaukar aikatau a haɗa shi da abin da ya biyo baya. Ɗalibin Hausa ba baƙo ba ne a nan, domin kuwa haka muka gina faɗi-ka-mutu da hana-salla da ci-ma-zaune da makarantar je-ka-ka-dawo. Turawa ma da irin wannan gini suka sami Drinkwater, wato Sha-ruwa, da Doolittle, wato Yi-kaɗan, sunan da aka liƙa wa malalaci, da Makepeace, mai sulhunta mutane. Cikinsu akwai Breakspear, Karya-mashi, sunan Baturen Ingila ɗaya tilo da ya taɓa zama Paparoma, wato Adrian na Huɗu, daga 1154 zuwa 1159. Akwai kuma wanda duniya duka ta sani, Shakespeare, Girgiza-mashi. Abin lura shi ne, saboda ɗaukakar mai shi, ba wanda ke jin dariya in an ambaci Shakespeare, alhali shi da Gotobed uwa ɗaya uba ɗaya suke ta fuskar ginin kalma.

Masanin sunaye P. H. Reaney, wanda ƙamusunsa na sunayen zuriyar Birtaniya ya fara fitowa a 1958, ya kawo wani John Gotobedde a Barnwell, dab da garin Kambirij, a shekarar 1269, zamanin Sarki Henry na Uku. Wani abin mamaki shi ne yadda sunan ya ƙi yin nisa da gida. Bayan shekaru ɗari shida, a ƙidayar jama'a ta 1881, masu amsa shi ɗaruruwa ne kaɗan, kuma inda suka fi taruwa shi ne dai lardin Kambirij, musamman ƙauyukan da ke kewaye da garin Ely. Wannan yanki a zamanin John fadama ce mai faɗin gaske, ruwa da iwa da laka, garuruwan kuwa tsibirai ne a kan ɗan tudu. Sai a ƙarni na 17 aka yi babban aikin janye ruwan, ƙarƙashin wani injiniya mutumin Holand, Cornelius Vermuyden, fadama ta koma gonaki masu baƙar ƙasa. Mutanen wurin sun daɗe suna fama da zazzaɓin cizon sauro, irin wanda muka sani sarai, mai kayar da ƙato ya bar shi yana makyarkyata. Duk sa'ad da na tuna da wannan sai in ji ban yarda in yi saurin kiran John rago ba. Mai yiwuwa mai son barci ne da ke shigewa ɗaki tun kaji ba su hau ba, mai yiwuwa kuma zazzaɓi ne ke yawan kwantar da shi, ko kuwa wani dattijo ne mai faɗa wanda ba shi da magana in dare ya yi sai korar yara da wannan kalma, har ta bi shi. Laƙabin da aka ciro daga abin da mutum ya saba faɗa sananne ne a cikin sunayen Ingilishi.

Wasu kuma sukan ce ai mallakar gado ce ta jawo sunan, don a wancan zamani talaka a kan ciyawa yake kwana. Gaskiya ne gadon kwana dukiya ce a da, tun da shi kansa Shakespeare a wasiyyarsa ta 1616 ya ambaci gadonsa na biyu a daraja ya bar wa matarsa. A rubutun boko na Hausa, gadon kwana da gadon da magada ke rabawa harufansu ɗaya, sai a baki ake bambanta su, saboda haka in na ce Gotobed sunan gado ne, kowanne mai karatu ya ɗauka bai ɓata ba.

Inda na fi tsayawa in yi tunani shi ne ƙoƙarin da marubutan ƙarni na 19 suka yi na wanke sunan. A littafin Mark Antony Lower na 1860, Patronymica Britannica, an kawo bayanin cewa daga tsohon Jamusanci ya fito, ma'anarsa kuwa roƙi Allah. Wasu suka ce a'a, wani tsohon sunan yanka ne, Godbert, harshe ya lanƙwasa shi har ya yi kama da zancen kwanciya. Ba za a ce irin wannan ba ta faruwa ba, domin sunaye da yawa sun sauya kama a bakin mutanen da ba su san asalinsu ba. Amma a nan hujja ba ta tare da su. Tun a rubutun 1269 kalmomin uku a fili suke, ba su jira ƙarnuka kafin su lalace su zama haka ba, shi ya sa Reaney ya ɗauki sunan a yadda yake. Ni a ganina abin da ya hana magabatansa yin haka kunya ce irin ta masu ilimi. Sun fi son a ce kowane gida daga jarumi ko mai ibada ya fito, ba daga wani bawan Allah da maƙwabta ke yi wa dariya a bakin rijiya ba.

Wannan kunya kuwa ba a littafi kaɗai ta tsaya ba. A 1862 jaridar Times ta Landan ta buga wata sanarwa cewa wani Joshua Bug, wanda sunansa ke nufin ƙwaro, ya ajiye wannan suna ya koma Norfolk Howard, wato ya haɗa sarauta da sunan ɗaya daga cikin manyan gidajen ƙasar ya yafa. Mutanen Landan ba su bar shi ya sha ruwa ba, nan da nan suka mayar da Norfolk Howard sunan kuɗin cizo, aka yi shekaru ana amfani da shi a haka. A dokar Ingila sauya suna abu ne mai sauƙi, takarda ce mutum zai sa wa hannu a gaban shaida. Wasu ma ba sa sauyawa, ado suke yi masa, kamar yadda masu suna Death, wato Mutuwa, kan raba shi su rubuta De'Ath don ya yi kamar na Faransa. A 2009 Farfesa Richard Webber na King's College da ke Landan ya gwada yawan masu wasu sunaye a 1881 da yawansu a 2008. Ya tarar masu suna Death sun sauko daga 1,133 zuwa 605, masu suna Daft, wato Wawa, sun ragu da kashi 51 cikin ɗari, su kuwa Gotobed sun ragu da kashi 42 cikin ɗari. A daidai wannan tsakani yawan mutanen Birtaniya ninkawa ya yi.

Ko da ba kunya, sunan da masu shi ba su da yawa kullum a bakin rami yake, domin ta hanyar 'ya'ya maza ya saba tafiya. A 1873 Francis Galton ya jefa wa masana lissafi tambaya a kan wannan, wani limamin coci mai suna Henry William Watson ya amsa, suka fitar da nazarin da har yau ake koyar da shi da sunansu. Watson ya ɗauka lissafinsa ya nuna kowane suna sai ya mutu, daga baya aka gyara masa. Abin da ya tabbata shi ne, in a matsakaici kowane namiji ɗa ɗaya ko ƙasa da haka yake bari wanda zai girma ya haihu, to sunan zai ƙare ko ba jima ko ba daɗe. In kuwa ya haura ɗaya, akwai damar tsira, amma ba tabbas. Gidan Shakespeare ma bai tsallake ba. Ɗansa namiji ɗaya, Hamnet, ya rasu yana da shekara 11 a 1596, kuma zuriyarsa ta yanke gaba ɗaya da rasuwar jikanyarsa Elizabeth a 1670. Masu amsa sunan a yau daga wasu gidaje suka fito. Shi kuwa John na Barnwell, wanda bai rubuta ko baiti ɗaya ba, sunan da yake amsawa ya ratsa annobar 1348 da ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Ingila, ya ratsa yaƙin basasa da yaƙe-yaƙen duniya biyu, yana nan.

A wurinmu laƙabi yawanci tare da mai shi ake binne shi, ɗa kuwa sunan ubansa ko na garinsu yake ɗauka, don haka da wuya mu san nauyin da ke kan yaron da malami zai kira sunansa a rajista kowace safiya aji ya fashe da dariya. Ba na ganin laifin wanda ya gaji ya je ya sa hannu a takarda. Duk da haka zuciyata na tare da waɗanda suka riƙe. Tarihin Ingila na ƙarni na 13 kusan duk da Latin da Faransanci aka rubuta shi, kuma labarin sarakuna ne da limamai da masu ƙasa. Manomin fadama ba ya ciki sai in an zo lissafin abin da ake bin sa. A cikin irin waɗannan takardu, inda komai yake da harshen magatakarda, sunan mutum ne kaɗai wurin da dole a rubuta abin da talaka ya faɗa da harshensa, yadda ya faɗe shi. Magatakardan Barnwell ya tambaya wane John, wani ya amsa masa da Ingilishin kan titi, wataƙila yana murmushi, shi kuma ya tsoma alƙalami ya rubuta.

A 2016 aka wallafa babban ƙamusun Oxford na sunayen zuriya na Birtaniya da Ayaland, wanda Patrick Hanks da Richard Coates da Peter McClure suka shirya, mai ɗauke da sunaye fiye da 45,000. Ƙa'idar da suka bi ita ce su shigar da duk sunan da ke da masu amsa shi ɗari ko fiye a 2011, su kuma ƙara da tsofaffin sunayen da suka kai mutum ashirin a ƙidayar 1881, don kada waɗanda ke dab da ƙarewa su faɗi a bar su a baya.