Ni Dai a Miƙo Mani Ƙwarya

Jamusawa mutane ne da ba su wasa da giya. Tun a 1516 masu mulkin yankin Bavariya su ka kafa doka cewa ba za a haɗa ta ba sai da abu uku: ruwa, da sha'ir, da wani fure mai ɗaci da ke ba ta ƙamshi. Har gobe kuma su na yi mata gagarumin biki a birnin Munik, bikin da ya samo asali tun 1810. A can in ka tambayi mutum wacce ya fi so, to ka sosa masa inda ya ke ƙaiƙayi. Zai zauna ya yi ma ka bayanin baƙa da fara, mai ɗaci da mai zaƙi, ta garin su da ta garin maƙwabta, da irin zafin da masoyan Ali Nuhu da na Adam A. Zango ke musu da shi a majalisa.

A Kaya, garin mu da ke ƙaramar hukumar Maradun, wannan tambaya ba ta da wurin zama. Ran 27 ga Oktoba, 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta soma aiki a Janairun 2000, hukuncin wanda ya sha giya ya zama bulala tamanin. Amma kada mai karatu ya ɗauka dokar ce ta koya wa mutanen mu ƙyamar ta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi wajen shekara biyar ya na wa'azi a ƙasar Zamfara, har ya zauna Faru, nan kusa da mu. Manyan mu kan ce kwalba ba ta yi ƙarfi a wannan yanki ba sai lokacin da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama a 1978, sa'ad da Turawan Italiya da leburori daga ko'ina a ƙasar nan su ka cika Talata Mafara. Ko a lokacin ma, ɗan gari in zai sha sai ya saci jiki ya yi nisa da idon sani.

To amma rashin giya bai hana mu musu a kan abin sha ba. Mu ma mu na da namu rukunan, kuma ba su shan inuwa ɗaya: akwai mutanen kwalba, akwai mutanen ƙwarya. Ni ɗan ƙwarya ne, kuma ba na ɓoyewa.

Kwalbar da na ke nufi ita ce ta malt, wadda kowa ke kira Maltina ko da wane kamfani ne ya yi ta, kamar dai yadda kowane garin sabulu ya zama Omo. Kamfanin Nigerian Breweries, wanda aka kafa a Legas a 1946 ya kuma fito da giyar Star a 1949, shi ne ya fito da Maltina a 1976. Malta Guinness ta biyo baya a 1990, Amstel Malta kuma a 1994. Watau duk ukun 'ya'yan gidan giya ne, a nan aka haife su, a nan aka yanke masu cibi. Wannan ne ya sa musun halaccin su ya ƙi ƙarewa a teburin mai shayi. Wani ya ce ai ko ba komai tukunyar su ɗaya da haram, wani ya ce a karanta jikin kwalbar mana, ba a rubuta cewa babu barasa ba?

Yadda abin ya ke ba shi da wuyar ganewa ga duk wanda ya taɓa ganin ana kunun zaƙi. In aka jiƙa hatsi aka bar shi ya yi tsiro, gasarar da ke cikin ƙwayar ta kan fara juyewa ta zama sukari. A shanya, a niƙa, a dafa, a tace, sai a sami ruwa mai zaƙi. Daga nan hanya ta ke rabuwa biyu. Mai yin giya zai zuba yis ya bar shi kwanaki, yis ɗin ya cinye sukarin ya mai da shi barasa. Mai yin malt ba ya bari a kai nan. Ya kan ƙara sukari da abin da zai baƙanta ruwan, ya ɗura masa iska, ya rufe, ya gasa kwalbar don kada wani abu mai rai ya saura a ciki. Saboda haka ni ban ga abin zargi ba ga wanda ya sha. Abin da ya raba ni da ita daban ne: zaƙin ta ya yi mani yawa, ta na barin maƙogwaro da danƙo, kuma rabin sa'a bayan ka shanye, cikin ka na nan wayam kamar ba a yi ba.

Akwai wani abu kuma da masu musun ba su cika kawowa ba. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, dole kamfanonin giya su ka juyo kan dawa da masarar gida. Har wani irin gajeriyar kaura da masu binciken noma na Samaru, Zariya, su ka fitar, mai lamba SK5912, ya yi suna wajen dacewa da wannan aiki. Daga baya an ɗage hanin, amma kamfanonin sun riga sun ɗanɗana arhar dawa, ba su sake ta ba. Ina da kawu, manomi ne na gaske, wanda ko a gidan biki aka miƙo masa malt sai ya kau da kai. Wata rana na ce masa, “Kawu, buhunan dawar da ka ke kaiwa kasuwar Talata, ka san inda manyan motocin nan ke sauke wasun su?” Ya dube ni ya ce, “Ɗana, ni dawa ni kai kasuwa. Abin da mai saye ya yi da ita, shi za a tambaya.” Na yi shiru, don ni ma ba ni da amsar da ta fi tasa. Amma har yau in na ga tirela ta ɗauko hatsi ta nufi Funtuwa, sai maganar ta faɗo mani.

Kai, ko a cikin gida ma tazarar ba ta da yawa. Burukutun da Maguzawa ke dafawa da jar dawa, da kunun zaƙin da iyayen mu mata ke yi ran suna, uwar su ɗaya uban su ɗaya. Jiƙo ɗaya, tsiro ɗaya. Abin da ya raba su shi ne kwana da niyya. Shi ya sa tsofaffin mata ba su yarda kunun zaƙi ya yi kwana biyu a lokacin bazara. Da ya fara kumfa ya na tsartsar harshe, sai ka ji an ce a kai wa awaki. Ba su karanta kimiyya ba, amma sun san daidai inda iyakar ta ke.

To me ya ɗaukaka kwalba har ta zama ita ce alamar karamci? A nan ina da ƙorafi a kan 'yan fim da marubutan mu, kuma tunda a gidan su na ke magana, gara in faɗa. Ɗauki kusan duk fim ɗin soyayya da aka yi tun zamanin kaset. Saurayi ya zo zance, an shigar da shi falo mai labule har ƙasa, sai ga yarinya ta fito da tire: kwalbar malt ko lemon kwali, da kofin gilashi guda. Zai kurɓa sau ɗaya ya ajiye, a shiga waƙa. A littafi ma haka ne, jaruma ba ta da aiki sai buɗe firij. Fura fa? Fura sai an koma ƙauye, a hannun wani mai yagaggiyar riga da aka kawo don a yi dariya, ya na sha ta na zuba a gemu. Shekara da shekaru yaran mu na kallon wannan, har ya zauna masu cewa wanda ya ci gaba kwalba ya ke sha, wanda aka bari a baya shi ke riƙe da ludayi. Na ga gidan da aka yi baƙo daga birni, ga damammiyar fura a rufe da faifai, amma maigida ya aiki yaro da gudu ya ciwo bashin malt mai ɗumi a shago, don kada a ce ba a girmama baƙo ba.

Alhali kuwa in ana maganar gwaninta da bambancin ɗanɗano, irin wanda Bajamushe ke tinƙaho da shi, mu a fura mu ke da shi. Mu a nan hura mu ke ce mata, kuma ba kowace ake kira hura ba. Ta gero daban, ta maiwa daban. Sabon gero na kaka ya na da wani ƙamshi da wanda ya shekara a rumbu ba shi da shi. Sai an surfa, an bakace, an wanke, an daka da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, an cura, an jefa a tafasasshen ruwa ta dahu har ciki, sa'annan a mai da ita turmi a kirɓa. A wurin kirɓin nan ake gane mace. Wadda ta yi ha'inci, furar ta za ta yi gudaji ta kwanta a gindin ƙwarya. Wadda ta ba turmi haƙƙin sa, tata za ta yi danƙo ta narke a nono kamar man shanu a rana. Ina iya rufe ido in gaya ma ka furar gidan mu da ta gidan ƙanwar mahaifi na, ko da gero ɗaya aka raba masu, domin ita gwaggo hannun ta ya na da nauyi a kanumfari.

Sannan ga nono. Kindirmo, wanda ba a taɓa man sa ba, shi ne na manya. Tsala, wanda aka kaɗe, shi ne na yau da kullum, kuma a ranar zafi wani lokaci ya fi kindirmon kashe ƙishirwa. Ni zaɓi na shi ne furar sabon gero, a dama da kindirmon da ya kwana ɗaya tak, a sa ruwan randa, ba ƙanƙara, ba sukari. Sukari a fura, a gani na, rufa-rufa ce. Wanda ya san nonon sa na da kyau ba ya neman sa. A ƙwarya kuma, ba a roba ba. Sabuwar ƙwarya ta na da ɗaci, tsohuwa wadda ta sha nono ta ƙoshi ita ke ƙara wa fura abin da ba ni da sunan sa. In na sha wannan da hantsi, sai la'asar in tuna da abinci. Kaka ta, Allah ya jiƙan ta, ta taɓa ganin jikokin ta na rabon kwalbar malt, ta karɓa ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska ta ce, “Wanga baƙin ruwa, mi ku ka ji cikinai?”

Sai dai kuma a nan ne zancen ya ke daina ba ni dariya. Kwalba ba ta buƙatar komai sai kuɗi da mota. Fura kuwa sai mutum biyu sun yarda da juna: mai gero da mai saniya. Tun tasowa ta, kafin rana ta take, matan Fulani sun shigo gari a jere da ƙore a kai, an rufe da faifai. Kowane gida da tasa mai nonon. Tamu wata dattijuwa ce da mu ke kira Inna, wadda ba ta sallama sau biyu, sai dai ta shige har tsakar gida ta sauke. Sau da yawa ba kuɗi ake ba ta ba, gero ake auna mata ko dusa. Da kaka kuma mijin ta ya kawo shanu su kwana a gonar mu, su ci kara su bar taki.

Wannan zama shi ne rikicin 'yan bindiga ya wargaza. An sace shanun masu shanu, an hana masu gona zuwa gona, kowa ya koma kallon ɗan'uwan sa da ido ɗaya. Ran 1 ga Satumba, 2021 aka shiga makarantar sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya aka kwashi ɗalibai, 'yan sanda su ka ce su 73 ne. A 'yan kwanakin nan ne gwamnatin Bello Matawalle, wanda shi ma ɗan Maradun ne, ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi, aka kuma yanke layukan waya a jihar. Yaran sun dawo, alhamdu lillahi, kasuwanni ma an buɗe daga baya. Amma rugagen da ke kewaye da mu da yawa sun tashi. Wasu sun yi kudu, wasu sun tsallaka iyaka, wasu kuwa tsoro ya hana matan su shigowa gari, don laifin da ba su ne su ka aikata ba.

Fura dai ba ta ɓace ba. A Gusau ma yanzu shagunan ta sun yi yawa, da firij da injin markaɗe da kofunan roba masu murfi, samari na layi da yamma. Sai dai abin da ake zubawa a matsayin nono, sau da yawa madarar gari ce ta buhu da aka kwaɓa aka bari ta yi tsami, wani ma ya ƙara garin kuka don ta yi kauri. Madarar nan kuwa daga Turai ake shigo da akasarin ta. Ina saye, ina sha, don babu yadda zan yi, amma harshe na ya san ba ita ba ce.

Zuwa na gida na ƙarshe na tambayi mahaifiya ta labarin Inna. Ta ce rabon ta da ita tun kafin a rufe kasuwanni, kuma akwai tiya biyu ta gero da Inna ke bin ta, na nonon da ta kawo zuwan ta na ƙarshe. Duk kaka sai ta auna sabo ta ƙulle a ɗan buhu ta ajiye a bayan ƙofa, ta juye na bara a cikin na ci.