Salbiris, garin da motocin manoma suka taru

A wannan wata za mu kai ku ƙasar Faransa, wani ƙaramin gari da ake kira Salbiris. Mutanensa wajen 5000 ne. Amma a ƙarshen watan Yuli na shekarar 2011, tsoffin motoci wajen 7000 suka sauka a can, dukansu iri guda. Motoci sun fi mutanen gari yawa!

Ina ne Salbiris?

In ka taso daga Paris, sai ka miƙa kudu. Tafiyar ba ta kai Maraɗi zuwa Damagaram ba. Za ka iske birnin Orleya, ka ƙetare kogin Luwar, sai ka shiga ƙasar da ake kira Solonyi. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗa, ba tudu. Dazuzzuka ne da tafkuna, wajen tafki 3000. Ƙasar rairayi ce da laka, ba ta da albarkar noma sosai. A da fadamu ne, zazzaɓin sauro ya gallabi mutane. Sai suka haƙa magudanai, suka dasa itatuwa, ƙasa ta gyaru. Suna da wasu tumaki masu jan kai da jan ƙafa, masu jure laima da ƙarancin ciyawa. Gidajen ƙauye na jan bulo ne. Salbiris tana cikin wannan ƙasa, a bakin wani ƙaramin gulbi.

Wace mota ce?

Sunanta Citroën 2CV. Faransawa na ce mata «de shebo», wato doki biyu. Wannan lissafin haraji ne, ba ƙarfin injin ba. Don talakan ƙauye aka yi ta. Shugaban kamfanin, Piyer Bulanje, ya nemi mota mai ɗaukar manomi da buhun dankalin turawa kilo 50, mai shan isansi litir 3 a kilomita 100. Kuma ta iya ratsa gonar da aka yi wa huɗa da kwandon ƙwai, ba tare da ko ɗaya ya fashe ba.

An nuna ta a Paris a 1948. Injinta ƙarami ne, iska ke sanyaya shi, ba ya bukatar ruwa. Rufinta na tampol ne, ana naɗe shi kamar tabarma. In batir ya mutu, ana tada ta da ƙarfen murɗawa. An ƙera fiye da miliyan 5, har da masu ɗaukar kaya. Ta ƙarshe ta fito a ƙasar Fotugal a watan Yuli na 1990.

Motar ta san ƙasarmu. A 1973, guda 60 suka taso daga Abijan, suka ratsa Tenere, suka kai Tunis, tafiyar kilomita 8000.

Yadda taron yake

An fara irin wannan taro a ƙasar Finlan a 1975. Na Salbiris shi ne na 19. Mutane sun zo daga ƙasashe da yawa, kowa ya tuƙo tasa. Suka kafa tantuna a fili kamar zangon ayari. Wata motar ja, wata ɗorawa, wata duk tsatsa, amma tana tafiya.

Daɗin abin shi ne fita yawo. Masu wannan mota ba su son babbar hanya mai gudu. Sun fi son ƙananan hanyoyin ƙauye. Sai su jeru kamar raƙuman azalai, a naɗe rufi, iska na kaɗawa. A Solonyi hanya na bi cikin inuwar itatuwa, ta fita bakin tafki, ta sake shiga daji. A kwana sai motar ta karkata kamar za ta faɗi, amma ba ta faɗuwa. In aka yi kiciɓis da wata irinta, a ɗaga hannu a gaisa. In ta wani ta tsaya, na baya su tsaya su taimaka.

Abin da ke riƙe da motocin

A wurin taron akwai kasuwar kayan gyara. Wannan ya shimfiɗa tsoffin fitilu, wancan ƙofofi, wancan injin sukutum. Mai nema ya samu, mai saura ya sayar. Tsofaffin makanikai na nuna wa samari yadda ake kwance inji a ɗaure. Kamfani ya daina ƙera motar fiye da shekara 30, amma ba ta mutu ba. Masu ita suna canja mata mai a kan lokaci, suna ɓoye ta daga ruwan sama, ba su yar da ƙarfen da zai yi wa wani amfani.

Mu ma muna da garma, da amalanke, da injin ban ruwa. Nawa ne ke kwance bayan gida saboda ƙusa guda ta ɓace? Wataƙila ƙusar na wajen maƙwabci, cikin tasa matacciyar garmar. Kafin damina ta faɗi, a tara su wuri guda ranar kasuwa, a kira maƙeri. Matattu biyu na iya ba da mai rai guda.