Yini guda a duwatsun Asekrem

Ni ɗan rairayi ne. A wajenmu, Alasan Mairairai, a yankin Mayahi, mace kan nemi duwatsun murhu uku ta rasa, ta haƙura da curin laka. Shekarata biyu ina ɗinki a Tamanraset ta Aljeriya, ina hango duwatsun Hoggar daga bakin shago, kafin mu huɗu muka haɗa kuɗin mota muka nufi Asekrem, kimanin kilomita 80 daga gari.

Mun kwana a gindin dutsen cikin sanyin Janairu. Da asuba ruwan butata ya daskare, sai da Buzun da ke mana jagora ya matsa da ita kusa da garwashin shayi kafin na yi alwala.

Hawan farko gajere ne, amma numfashi ya so ya gagara, don wurin ya haura mita 2,700. A sama akwai ɗan ɗakin dutse da wani Bafaranshe, Sharl de Fuko, ya gina a 1911. Ban daɗe a wurinsa ba, don rana ta fara haska abin da ke gabanmu. Duwatsu ne tsaye ƙiƙam, dogaye, jikinsu tsage-tsage daga sama har ƙasa kamar dammunan kara da aka tsayar bayan girbi. Narkakken dutse ne da ya sandare a maƙogwaron duwatsu masu aman wuta. Iska da ruwa suka cinye abin da ke kewaye, ƙashin ya rage. Can nesa ga Tahat, wanda babu dutsen da ya kai shi tsawo a Aljeriya. Bakina bai daina tasbihi ba.

Daga nan muka gangara kwazazzabo don mu zagayo ta baya. A gida jan ƙafa muke yi cikin yashi, nan kuwa kowane dutse mirginawa yake. Kafin azahar silifas ɗina ya tsinke, na ɗaure shi da zaren da ba na rabuwa da shi.

"Malam, in kana tafiya dubi ƙasa," in ji jagoran. "In sama kake so, tsaya."

Hanyar ba ta da alama sai 'yan tulin duwatsu da matafiya suka jera. Na tsinci wani baƙi mai santsi, na ce na Inna ne. Ya nuna mini wani tuli da ya rushe a mararraba, na ɗora shi a kai. Da la'asar muka ɓullo ta bayan motarmu, direba yana hura wuta.