Zuciya a Landan, Ƙafa a Wudil



Akwai wani wasa da ake kira kurket, wanda yawancinmu a nan Wudil ba mu taɓa zama mun kalla daga farko har ƙarshe ba. Da sanda mai faɗi ake bugun 'yar ƙwallo mai tauri, kuma babban karonsa yakan kai kwana biyar, ana tashi a ci abincin rana, a koma, a sake tashi a sha shayi. Ba baƙo ba ne sosai a Arewa, domin ɗaliban Kwalejin Katsina sun buga shi tun zamanin Turawa. A watan Janairun 2025 ma 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun doke New Zealand a gasar duniya da aka yi a Malesiya.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne rayuwar masoyansa. A Ingila akwai mutanen da sukan yi shekaru suna tara kuɗi, su ɗauki hutun aiki a watan Disamba, su hau jirgi zuwa Ostireliya, don kawai su zauna a filin Melbourne ranar 26 ga wata lokacin da za a fara babban wasa. Ana kiransu Barmy Army, wato rundunar masu taɓin hankali. 'Yan jaridar Ostireliya ne suka laƙaba musu sunan a rangadin 1994 zuwa 1995, ganin ana ta lallasa ƙungiyarsu, su kuwa suna ta waƙa. Abokansu, hirarsu, hutunsu da aljihunsu duk jadawalin wasa ne yake juya su.

Kafin mu yi musu dariya, mu dubi garinmu. Yadda kurket yake ga mutumin Ingila ko na Indiya, haka ƙwallon ƙafa take gare mu. Litinin ranar tsokana ce. Wanda aka ci ƙungiyarsa yakan zaga ta bayan layi don kada ya gamu da 'yan adawa a teburin mai shayi. Talata da Laraba daren gasar Zakarun Turai ne. Ranar Juma'a kasuwar Wudil tana ci, shanu sun cika Kara, hanyar Maiduguri ta cushe tun daga bakin gada, amma cikin wannan hayaniya za ka ji tela da yaron mota suna gardamar wanda koci zai sa a gaba gobe. Asabar da Lahadi kuwa na Firimiya ne. Har agogon Ingila mun haddace. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris muna gabansu da awa ɗaya, saboda haka babban wasan Lahadi da ake farawa ƙarfe huɗu da rabi a can, ƙarfe biyar da rabi ne a nan.

Yawancinmu gadon ƙungiya muka yi. Yayyenmu sun kamu da son Arsenal ne bayan Nwankwo Kanu ya koma can a 1999. Waɗanda suka biyo baya da yawa sun bi Mikel Obi, haifaffen Jos, zuwa Chelsea, inda ya zauna daga 2006 zuwa 2017. Ga 'yan Madrid da 'yan Barcelona, waɗanda gardamarsu ba ta da ranar ƙarewa. In an zaɓa kuwa, an zaɓa ke nan. Bayan kofin 2004, 'yan Arsenal sun yi fiye da shekara ashirin suna jiran wani kofin Firimiya, ana yi musu dariya kowace kaka, suna nan daram. Mutum yakan canza waya, ya canza sana'a, ya canza unguwa, har coci yakan canza, amma da wuya ka ji ya canza ƙungiya. Wannan aminci abin sha'awa ne, kuma shi ya sa muke wannan rubutu.

Gidan kallo ba wani abin ado ba ne. Rumfar kwano ce da bencina, talabijin biyu ko uku, janareta yana ruri a baya, da allo a ƙofa wanda aka rubuta wasannin ranar da alli. Amma ku dubi waɗanda suke zaune a ciki. Ɗalibin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote yana kusa da mai ɗiban yashi da ya fito daga kogi. Dillalin shanu yana raba gyaɗa da ɗan acaɓa. Mai zuwa coci da mai zuwa masallaci sun sa riga iri ɗaya, suna yi wa alƙalin wasa ihu da baki ɗaya. Ranar 11 ga Fabrairun 2024, da William Troost-Ekong ya ci wa Najeriya ƙwallo da ka a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan, kowa ya rungume wanda yake kusa da shi, ba wanda ya tambayi sunan wani. Da masu masaukin suka farke, suka ƙara, aka tashi biyu da ɗaya, tare muka fito shiru kamar daga gidan makoki.

Mu da muke 'yan kaɗan a garin nan mun san darajar wannan benci. Ba wurare da yawa ne muke zama kafaɗa da kafaɗa da maƙwabtanmu na tsawon minti casa'in ba. Zaman lafiyar da muke roƙo kowace Lahadi, wani sashensa a irin wannan rumfa ake ƙulla shi. Tambayar ita ce, in an busa usur na ƙarshe, mun san gidan wanda muka runguma? Mun san sana'arsa, mun san ko mahaifiyarsa tana da lafiya?

Tsakanin Wudil da Kano kusan kilomita 40 ne, kuma a can tamu take. Kano Pillars, Sai Masu Gida, wadda aka kafa a 1990, ta ci gasar Najeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar Zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Daga cikinta Ahmed Musa ya tashi zuwa Turai, daga baya ya dawo ya sake sa rigarta. Ta faɗi daga babbar gasa a 2022, shekara ta zagayo ta dawo. Duk wanda ya taɓa shiga filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ya ji kiɗa yana bugun ƙirjinsa, ya ga Rabi'u Ali Pele yana ajiye ƙwallo don bugun tazara, ya san gani ya kori ji. Kuɗin mota ne kawai tsakaninmu da wannan, amma da yawa sun fi sanin 'yan bencin wata ƙungiya a Landan.

Nan maganar ƙasar waje ta shigo. Kowane mai son ƙwallo yana da filin da yake mafarkin takawa: Emirates, Old Trafford ko Bernabeu. In ɗan'uwan wani da ke karatu a Ingila ya turo hotonsa a ƙofar fili da mayafin ƙungiya a wuya, hoton yakan zaga waya zuwa waya har mako. Mu kuwa fasfo, biza da kuɗin jirgi sun fi ƙarfin yawancinmu. Ƙasar wajen da wasunmu suka taɓa takawa ita ce Maraɗi ko Damagaram. Son ganin duniya ba laifi ba ne, kuma in Ubangiji ya buɗe wa wani ƙofa, muna taya shi murna, ya dawo mana da tsaraba. Haɗarin shi ne ƙafa ta zauna a Wudil, zuciya ta tare a Landan, har mutum ya riƙa ganin garinsa kamar tasha ce da yake jiran mota. Yana yiwuwa matashi ya san ɗan wasan da ya ji rauni a gwiwa da yawan makonnin da zai yi jinya, alhali wanda suke tsayawa tare cikin mawaƙa ya yi mako uku kwance da zazzaɓi, labari bai iso shi ba.

Ku tuna da waɗancan masu bin kurket zuwa Ostireliya. Bayan 1987, sau ɗaya tak Ingila ta ci wannan kofi a ƙasar, a 2011. Da nasara ce take kai su, da tuni sun daina zuwa. Abin da suke komawa gida da shi shi ne mutanen da suka zauna tare cikin rana, suka ci tare, suka yi waƙa tare. 'Yan wasan ba su san sunayensu ba. Haka namu 'yan wasan na talabijin: ba wanda zai zo sunan ɗanmu, ba wanda zai zo ta'aziyya. Daɗin ƙwallo, in an bi diddigi, a jikin na kusa yake.

Hutun Kirsimeti yakan nuna mana wannan. In makarantu suka rufe, tasha takan cika da masu tafiya Zonkwa, Kafanchan, Pankshin, Billiri, ko ƙauyukanmu na ƙasar Sumaila da Garko. Ranar 26 ga Disamba, da ake wasa a Melbourne da filayen Ingila, a garuruwanmu da yawa ana fita filin firamare, 'yan gida su kara da waɗanda suka dawo daga birni. Ƙura tana tashi, rabin 'yan wasan ba takalmi, iyaye mata suna guɗa, tsofaffi suna ba da umarnin da ba mai bi. Ba kofi mai tsada, amma shekara guda ana labarinsa, domin kowa ya san kowa.

To, ina ƙwallo take taɓa zumuntarmu? Wuri biyu ne. Na farko lokaci. Taron matasa na yammacin Lahadi da babban wasan Firimiya sukan zo a sa'a ɗaya, kuma kujerun da ba kowa sukan faɗi wanda ya yi nasara. 'Yan'uwa mata, waɗanda ba su cika shiga gidan kallo ba, su ne sukan riƙe taron. Na biyu caca. A watan Oktoban 2024 Hisba ta rufe shagunan caca da dama a Kano, amma cacar yau cikin waya take, tana bin mutum har ɗakin kwanansa. Mai tikiti a aljihu ba ya kallon wasa, kuɗinsa yake kallo. Yakan yi addu'a a ci ƙungiyar da yake so, in hakan zai sa tikitinsa ya shiga. Kuɗin makaranta da jarin sana'a sun sha salwanta ta wannan hanya, kuma kunya takan sa mutum ya janye daga cikin 'yan'uwa daidai lokacin da ya fi bukatarsu.

Manzo Bulus ya san masu kallon wasa. Ya yi shekara ɗaya da rabi a Koranti yana ɗinkin tanti tare da Akila da Biriskila, kusa da birnin kuwa ana babbar gasar tsere da dambe duk shekara biyu, inda ladan gwani rawanin ganye ne. Da ya rubuta musu, a 1 Korintiyawa 9:24-27, bai zagi wasan ba. Ya ɗauki horon mai tsere ya sa a gabansu, ya tuna musu ganye yakan bushe. Abin lura shi ne bai ajiye mu a benci ba. Cikin fili ya sa mu. Ibraniyawa 10:24-25 kuma ta haɗa taruwa da kula da juna, domin wanda ba ka gani, da wuya ka ƙarfafa shi.

Saboda haka ga shawararmu. Mu ci gaba da kallo, mu yi ihu, mu yi tsokana marar zagi. In babban wasa ya faɗo kan lokacin taro, shugabanni su duba jadawali tun da wuri, a matso da taron ko a kalla tare bayan an tashi. In bai yiwu ba, wasa yana da maimaici a waya. Mu tara kuɗin mota mu je Ƙofar Mata tare ko da sau ɗaya a kaka, mu gayyaci abokan bencinmu na unguwa. In mun ga alamar caca ta kama wani, mu same shi a keɓe, ba a gaban taro ba. Kuma kafin Asabar ta zo, kowa ya nemi mutum ɗaya da kujerarsa ta daɗe ba kowa, ya taka har ƙofar ɗakinsa. Iyayenmu sun ce zumunta a ƙafa take, ƙafafunmu kuwa a Wudil suke.

Ya Ubangiji, mun gode maka domin wasa da dariya da abokai. Ka ba mu amincin da ba ya canzawa ga 'yan'uwanmu da maƙwabtanmu, ka kuɓutar da waɗanda caca ta ɗaure, ka albarkaci garin nan da ka ajiye mu. Cikin sunan Yesu, amin.